Aljanu Ukun Toma Kafinta

Toma kafinta ne a Malumfashi, amma ba kujera ko gado ne suka sa aka san shi ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ƙirƙira wa 'yan dabo kayan wasa: tulun da ruwansa ba ya ƙarewa, hula mai haihuwar ƙwai, da wani akwati da ya fi ƙauna, wanda ake sa zabuwa a rufe, a buɗe a ga wayam. Sai da ya shekara uku yana gyara shi kafin ya gamsu. Babu laya, babu tsafi. Katako ne mai gindi biyu, da madubi, da ɗan ƙarfen da ya cire daga sirdin keke. Amma je ka gaya wa mutanen unguwarsu haka. Mata har janye yaransu suke yi in sun zo wucewa ta shagonsa.

Bai taɓa damuwa ba sai da maganar auren 'yarsa Fibi ta taso. Mahaifin saurayin, Dattijo Yabo, yana cikin dattawan cocinsu, ya kuwa ce ba zai haɗa zuri'a da mai aljanu ba. Wata biyu Fibi ba ta ce wa ubanta uffan ba. Ramewa kawai take yi, abin yana ci masa rai.

Wata Lahadi bayan sujada ya turo akwatin a baro har gaban dattawa. Ko matarsa bai taɓa nuna wa sirrin aikinsa ba, amma ranar ya buɗe musu komai.

"Dattijo, sa hannunka nan. Ka ji katakon ya motsa? Nan zabuwar ke kwanciya. Madubin nan ke sa ku ga kamar babu komai."

Yabo ya danna, ya leƙa, har zabuwar ya gani a takure tana ƙifta ido. Ya goge hannunsa a riga.

"Baban Fibi, mu fa ba yara ba ne. Wannan ka shirya shi ne don ka nuna mana. Katako ba zai yi abin da muka gani da idonmu wurin mai dabo a kasuwar Funtua ba."

"Shi ne dai wannan, Allah ne shaidata."

"Mun ji. In kana tausayin yarinyar nan, ka tuba, ka ƙona kayan nan naka a gaban jama'a."

Toma ya bi fuskokinsu da kallo, bai ga wanda zai tsaya masa ba. Ya rasa abin da zai ƙara nunawa, don babu sauran abin da ya ɓoye. Ya tura baronsa ya koma gida.

Lahadin da ta biyo ya tsaya a harabar coci ya ce yana da aljanu uku, kuma yau ya rabu da su. Uku ɗin ma a nan take ya ƙirƙiro. Jama'a suka ɗauki waƙa. Da hannunsa ya zuba kananzir a kan tulun da hular da akwatin, ya ƙyasta ashana. Da madubin ya fashe a wuta, wata tsohuwa ta ce ga su nan sun fita.

Fibi ta ratso mutane ta kama hannunsa, hawaye na zuba, fuskarta a sake karon farko cikin wata biyu. Ya ɗauka ta gane abin da ya yi dominta.

"Baba," ta ce, "tun ina ƙarama nake addu'a Allah ya raba ka da su."