Ɗaga Kai Ki Kalle Ta

Abin da Auta ta kawo daga makaranta shi ya hana uwarta cin abinci: hoton kyanwa da ta shafa wa kala, malama ta manna tauraro a sama. Yarinya ta kai shekara goma sha biyar, wadda kafin yaƙi ya koro su ita ke tsayawa gaban allo tana koya wa 'yan ajinsu lissafi!

Inna guga take yi a wani otal, tsaye cikin tururi har ƙafafunta su kumbura su ƙi shiga takalmi. Ba don a kawo mata kyanwa take wannan wahalar ba.

"Wannan ne karatun?"

"Shi aka ba ni, Inna. Sauran ana ba su littafi. Ni a baya take zaunar da ni, kusa da taga."

Ga shi ƙarshen zangon nan za a raba aji biyu: masu shirin jarrabawar babbar makaranta, da waɗanda za a lallaɓa har a sallame su. Wanda ya faɗa na biyun, ya faɗa ke nan.

Inna ta ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsu direban bas ƙofa, ta roƙe shi ya raka ta makarantar ya yi mata tafinta.

"Yaya, Turancina na titi ne fa," in ji shi. "Hau, sauka, matsa ciki."

"Ko na tsinuwa ne, ɗauko shi mu tafi."

Ajin yana warin sabulun goge ƙasa. Malama ta tarbe su da fara'a, ta jawo kujeru. Inna ta ɗosana a gefen tata, idonta a kan ƙafar tebur. Auta ta tsaya a bayanta, kai a sunkuye.

Malama ta yi ta magana a hankali, direba yana juyawa.

"Wai Auta yarinyar kirki ce. Wai ba ta son ta ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai Turancin ya zauna tukuna. In ta yi mata tambaya, ƙasa take kallo. In ta ce wa ya sani, ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Ta ba ta aikin ƙananan yara ta ce ya yi daidai? Auta ta ce e. To sai ta ɗauka iyakarta ke nan."

Inna ta san wanda ya ɗaure bakin nan. Ita ce da kanta, ranar farko, a bakin ƙofa, ta kama kunnen yarinyar ta ce: ƙasar mutane ce, kada ki kuskura ki kalli malami cikin ido, kada ki riga kowa magana, abin da aka ba ki ki karɓa ki ce to. Haka aka rene ta, haka ta reni 'ya'yanta, kuma ba ta taɓa jin kunyar tarbiyyarta ba. Yau ga ladabin ya zaunar da 'yarta kusa da taga.

"Auta," ta ce. "Ɗaga kai ki kalle ta. Ki ce mata aikin ya yi miki kaɗan."

Auta ta ƙara sunkuyar da kai.

"Da ke nake! So kike ki ƙare kan dutsen guga irina?"

"Inna," in ji yarinyar a hankali, "ai ke ma ƙasa kike kallo."

Direba ya yi tari ya kau da kai.

Wuyan Inna ya yi nauyi kamar an ɗora masa tulu. Tun da take ba ta taɓa haɗa ido da mai koyar da karatu ba. Ta dafe gwiwa, ta ɗaga kai a hankali, ta zuba wa malama ido, hawaye na gangarowa, ta ƙi saukewa.

Sai ta ji muryar Auta a bayanta, da Turanci gutsi-gutsi, kalma na tuntuɓe da kalma. Malama ta ajiye kofin shayinta. Ta yi tambaya, Auta ta amsa, ta kakare, ta nuna allo da hannu.

"Me ta ce?" Inna ta tambayi direba, ba ta ko juyo ba.

"Ta ce a ba ta lissafi mai wuya. Malama kuma ta ce alkawari ba za ta yi ba, don lokaci ya ƙure, kuma Turancin da saura sosai. Amma gobe za ta dawo da ita gaba, ta ba ta littafin da kowa ke yi, ta riƙa tsayawa da ita bayan an tashi. In ta kasa, ta kasa."

A matakala, Auta ta tsaya ta kalli uwarta tsakiyar ido.

"In na kasa fa, Inna?"

Hannun Inna ya tashi da kansa zai kama kunnen. Ta tsayar da shi a sama, ta gyara wa yarinyar wuyan riga.

"Ki kasa kanki a ɗage," ta ce. "Mu je, na makara wurin aiki."