Baƙin Gilashin Ummaru

Shekarar da fari ya kori Buzaye da raƙumansu har bakin iyakar Jibiya, a shekarar ne Ummaru ya dawo hutu daga jami'a ya tarar mahaifinsa ya gama yanke hukunci. Malam Maharazu, mai aikin babbar riga a rumfar da ke daura da shingen kwastan, ya ce karatu ya isa haka. Sa'o'in Ummaru duk sun shiga kaki, kuɗin man fetur ya buɗe gari, manyan motoci sai kwarara suke yi zuwa Maraɗi. An ma yi masa hanyar aiki a shingen.

Ummaru kuwa ba ya so, har cikin ransa. Aikin mulki yake karanta, amma a zangon da ya wuce an ce kowa ya ɗauki darasi ɗaya daga wani fanni, shi kuma ya faɗa ilmin taurari, don an ce ba wuya. Abin da ya tsinta bai fi cikin cokali ba, amma wa zai gaya masa?

"Taurari?" in ji tsohon, bai ko ɗaga kai daga allura ba. "Ashe duba na tura ka koyo."

"Ba duba ba ne, Baba, lissafi ne. Ran Asabar mai zuwa, wajen tsakar rana, rana za ta yi husufi."

"In ba ta yi ba fa?"

"In sa kakin."

"In ta yi, ka koma Zariya. Kalilu, kai ne shaida."

Kalilu direba, maƙwabcin rumfar, ya yi dariya har da riƙe ciki.

A jami'a malaminsu na ilmin taurari ya ja musu kunne cewa ba a kallon rana da ido. Wannan Ummaru ya riƙe. Dabarar shafa wa gilashi baƙi kuwa a bakin wani ɗan ajinsu ya ji ta, bai kuma tambayi kowa ba. Ya samo fasasshen gilashin mota a tasha, ya kara shi a kan aci-balbal har ya yi baƙi ƙirin.

Ran Asabar hantsi ya wuce, ba labari. Can sai haske ya fara yin fatsi-fatsi, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Jandarmomin tsallaken iyaka suka fito suna nuna sama. Mata suka hau buga kwanoni, liman ya tara mutane salla. Kalilu ya daina dariya.

Tsohon ya karɓi gilashin ya kafa ido. "Allahu akbar! An gutsure ta, wallahi an gutsure ta!" Ya ƙi ba kowa. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ɗana ya faɗi tun makon jiya." Ya sauke, ya sake ɗagawa, ya daɗe yana kallo. Ummaru na gefe, daɗi kamar ya kashe shi, don tunda yake bai taɓa jin uban ya yabe shi a gaban mutane ba. Kaico, shi da kansa yake ce masa, "Ƙara duba, Baba, yanzu ta fi kyau."

Washegari tsohon ya ce wani tabo yana bin duk inda ya duba. Aka sa tozali, aka wanke da rubutu. Sati ya zagayo, riguna na jibge a rumfa, in ka tsaya gabansa yana ganin kunnuwanka, ba ya ganin fuskarka. Likitan Katsina ya leƙa idon, ya tambayi abin da ya faru, ya dubi Ummaru, ya kira shi waje. Bayanin bai yi tsawo ba: rana ta ƙona idon, kuma ba magani.

A motar Kalilu, kan hanyar komawa, tsohon ya lalubo gwiwar ɗansa ya dafa.

"Alkawari kaya ne, ka tahi ka ƙare karatunka. Ni ban yarda da likitan ga ba, kai na yarda da kai. Kai da ka san ranar da abin ga za shi zo, ai ka san ranar da za shi wuce." Ya juyo da fuska, idonsa ya sauka can gefen kafaɗar Ummaru. "Yaushe ne?"