Ranar da Famfonmu Ya Kawo Ruwa

Har yau in aka tambaye ni wa ya rufe mana rijiya, sai in tsaya ina kallon mutum. Ba wai ban ga masu aikin ba ne. Na gan su, na ba su benci, har ɗaya ya yaba ɗinkin labulena. Abin da ban gane ba shi ne wa zan kama da rigima.

Ni tela ce, shagona na jikin gidanmu, rijiyar kuma tana daf da ƙofar shagon. Da ita duk layin ke sha. Ni kam ta fi mini haka, domin Inna na kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya riƙe fitsari balle bayan gida. Kullum sai na wanke ta, na wanke zanin gado da ledar shimfiɗa. Ranar da aka yi fashi, bayanta ya fara ja ke nan, daga ja kuma sai gyambo. Wanda ya taɓa jinya ya san abin da nake faɗi.

Masu shuɗiyar riga ne suka fara zuwa, 'yan wata ƙungiya daga ƙasar waje, da tafintansu. Suka ɗebi ruwan a kwalba, suka dawo suka ce da ƙwayoyin cuta a ciki, masai sun yi wa rijiyar kusa. Ban musa ba, yaran layin ba sa rabuwa da gudawa. Suka ce za a kawo famfo, in ya fara aiki a rufe rijiya. Bayansu sai ga 'yan wata ƙungiyar masu fararen huluna, su ba ruwansu da rijiya, tanki ne aikinsu. Suka gina dandamali, suka ɗora tanki, suka sa kan famfo yana ƙyalli. Na tambayi babbansu ta ina ruwan zai shigo, ya ce bututu aikin abokan hulɗarsu ne. Na ce su wa ke nan, ya jero mini wasu haruffa da ko suna ba su haɗa ba.

Yayana aka naɗa shugaban kwamitin ruwa, tun ranar ba ya amsa kira sai an ce Ciyaman. Wata safiya ya leƙo shago ya ce manyan baƙi na tafe daga ƙasar da ta ba da aikin, za su ga famfo.

Na ce, "Su ga me, Yaya? Ko ɗigo babu a tankin nan."

Ya ce, "Ke dai miƙo bokitinki. Mutane sun ƙetaro teku dominmu, sai su murɗa famfo ya yi musu tari? Ina za mu kai kunya? In kuma suka ce ba mu shirya ba, a karkata bututun wata unguwa, ke za ki dawo da shi?"

Maganar ta shiga kaina ta wani gefe, ta wani gefen ta ƙi shiga. Kafin in gama tunani an kafa tsani, mata na jan guga, maza na miƙa wa juna bokiti har tanki ya cika da ruwan rijiya.

Baƙi suka iso. Wata doguwar mata ta murɗa famfo, ruwa ya ɓarke, aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Idonta ya ciko da hawaye, wallahi sai da ta ba ni tausayi. Ta tara hannu za ta sha, na buɗe baki zan hana ta, Yaya ya take mini ƙafa. Ta sha, ta ce da daɗi.

Ba a jima ba masu shuɗiyar riga suka dawo da siminti da rodi. Na baro keke na fito da almakashi a hannu, na ce wa ya ce famfon na aiki? Mai kula da aikin, mutum mai ladabi har ya ba ka haushi, ya nuna mini hoto a wayarsa. Ga ruwa na zuba, ga ni a gefe da igiyar awo a wuya, na washe baki kamar ni na haƙo shi.

Na ja shi gaban famfon don in ƙaryata hoton. Ina murɗawa, sauran ruwan da ke ƙasan tanki ya zubo.

Na ce, "Wannan ai ruwan rijiyar ne."

Ya ce, "To kin gani, Anti, shi ya sa za a rufe ta. Ruwanta ba shi da kyau."

"In kun rufe ta famfon ma ya mutu."

"Wannan kuma sai masu tanki."

Na waiga neman Ciyaman, aka ce ya tafi taro. Na yafa mayafi na nufi ofishin masu tanki. Suka ba ni kujera mai laushi da ruwan gora, suka ce su sun miƙa aiki, suka kwatanta mini wurin masu bututu. Ofishin masu bututu aka ce sai bayan damina za a fara haƙa, kuma layinmu ya koma baya tunda an ga yana da ruwa. Na rantse musu ba mu da shi, wata yarinya ta juyo mini da kwamfuta, ga hoton nan dai. Ko da na dawo an shafe bakin rijiya sumul, aiki mai kyau, ba inda za ka kushe.

Tanki ya ƙafe washegari. Na koma ɗibar ruwa a kududdufin bayan masu bulo, in bar shi ya kwanta a baho, in tace da ƙyalle. Da shi nake wankin zanin gado, amma hannuna ya ƙi kai shi jikin Inna, don bayanta ya riga ya fashe. Maƙwabciyata mai shara a asibiti ita ke ciko mini buta ɗaya in ta taso aiki, da ita nake wanke gyambon.

Rannan na ajiye butar ke nan a bakin ƙofar ɗaki, sai sallama. 'Yan mata ne masu rawayar riga, wata ƙungiyar daban, sun zo koya mana wanke hannu da sabulu. Shugabarsu ta ce in taimaka da ɗan ruwa mai tsabta ta nuna mini. Raina ya ɓaci, na rasa ta inda zan fara, ta rijiya ko ta tanki ko ta hoto.

Daga cikin ɗaki Inna ta ja muryarta da ƙyar ta ce, "Ba a hana baƙo ruwa."

Na ɗauki butar na tsiyaya mata. Ta cuɗa tafi, ta cuɗa baya, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa in ƙara, kumfa na zuba ƙasa. Da butar ta ƙare ta ɗaga hannuwanta ta nuna mini, fes. Suka bar mini sabulu suka yi gaba.

Na shiga na juya Inna, na ɗaga ƙyallen da ke kan gyambon, ya manne. Ta tambaye ni ko baƙin sun ji daɗi, na ce mata sun ji.