Sallamar Kofur Lawan

Wanda ya kafa jiniya a kan katangar kamfanin jimar fata na Challawa bai san abin da ya ɗora wa Uwaisu ba. Shi dai ya kafa ta ne don ma'aikata su san lokacin canjin aiki. Amma a gidan da ke manne da bayan katangar akwai Kofur Lawan, kakan Uwaisu, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa, wanda tsufa ya rikita wa lissafi. Da jiniya ta yi kuka, a kunnensa begilar bariki ce. Sai ya miƙe daga tabarma, ya fita tsakar gida, ya haɗe ƙafafu ya ƙame. Ko rana na dukan ƙeya, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ba zai motsa ba sai an ba shi umarnin sakin jiki.

Kuma ba kowa yake saurara ba. Gwaggo Indo, 'yarsa ta cikinsa, ta yi lallashi, ta yi kuka, har liman ta taɓa kirawowa, duk a banza. Murya ɗaya kawai yake ji, ta Uwaisu, don a idonsa Uwaisu ba jikansa ba ne, Saje Zakariyya ne, wanda ya goyo shi a baya daga bakin daga ranar da harsashi ya fasa masa cinya. Shi kuwa Uwaisu a kamfanin yake aiki, saboda haka da an tashi, kafin ma ya wanke hannu, zai zagayo katanga da gudu, ya tsaya gaban tsoho ya daka tsawa, "Sanda'is!" Sai ka ga kafaɗun nan sun sauka, tsoho ya koma tabarmarsa yana tambayar ko koko ya rage.

Da farko abin dariya ne a unguwa, shi kansa Uwaisu yana tsokanarsa. "Kai tsoho, da wannan ƙafar taka aka ci yaƙi?" Yanzu kam dariyar ta ƙare. Sinadarin jima ya cinye wa Uwaisu tafin hannu, tari ya kama shi ya ƙi saki, likita ya ce masa ƙiri-ƙiri in bai bar warin nan ba ƙirjinsa ba zai kai shi ko'ina ba. Ga abokinsa Sagir ya samo masa gurbin koyon haɗa sola a Abuja, har da wurin kwana. Motar kayan da za ta rage masa hanya za ta tashi daga Dakata ranar Asabar da hantsi.

A ɗauke tsoho daga nan mana? An gwada. Gwaggo Indo ta kai shi gidanta a Zawaciki inda jiniya ba ta kaiwa. Da ya ga shiru, sai ya yanke cewa an tashi fareti babu shi, ya sulale ya kama hanya da ɗingishinsa. A bakin titi aka tsinto shi, ƙafa ta kumbura, yana tambayar masu a-daidaita ina bariki.

Uwaisu yana son mutumin nan, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ranar da mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta koma garinsu, Kofur ne ya saɓa shi a kafaɗa ya kawo shi gidan nan. Shi ya yi gadi a Bompai da Sharada har idonsa ya dushe don yaro ya yi makaranta. Shi ya koya masa alwala, shi ya koya masa guga da gawayi. Duk wannan Uwaisu ya sani, yana godiya, kuma godiyar ce ta shaƙe shi. Wani lokaci in yana gudu zuwa gida har haushin tsohon yake ji, sai kuma kunya ta rufe shi.

Sagir ne ya kawo dabara, irin ta 'yan zamani. A ɗauki muryar Uwaisu a waya, a bar wa Gwaggo. Ranar Juma'a aka gwada. Jiniya ta yi kuka, tsoho ya ƙame, Uwaisu ya laɓe a zaure, Gwaggo ta miƙa waya ta danna. Murya ta fito sarai. Kofur ko gezau, sai da ya kalli wayar a kaikaice ya ce, "Ba a karɓar oda daga rediyo." Gwaggo ta juyo ta dubi zaure, idonta ya kawo ruwa.

"Ka tafi abinka, ɗan nan," ta ce da shi daga baya. "Ubana ne, ni ya kamata in ɗauka."

"To Gwaggo, in ya tsaya ranar nan ta Challawa ta kayar da shi fa?"

Gwaggo ta ci gaba da tsince shinkafa.

Da safiyar Asabar Uwaisu ya rataya jakarsa, ya yi shawarar gwada abu na ƙarshe. In tsoho ya ɗauke shi Saje, ai Saje yana da ikon sallama. Jiniyar safe ta yi kuka, Kofur ya fito ya ƙame. Uwaisu ya tsaya gabansa, ya danne tarin da ya taso masa.

"Kofur Lawan, yaƙi ya ƙare. An sallame ka. Daga yau babu fareti, ka je gida ka huta. An gode maka."

Kalmar ƙarshen nan ba ta Saje ba ce, tasa ce, har muryarsa ta karye a kanta. Tsoho ya ƙura masa ido.

"An sallame ni, Saje?"

"An sallame ka."

"Kai fa?"

Uwaisu ya gyara igiyar jakar a kafaɗarsa.

"Ai na ga ba su sake ka ba," in ji Kofur, ya yi ƙasa da murya kamar mai gudun kada manya su ji. "Kullum ina ganinka kana shigowa a guje, hannu duk ciwo, kana tari. Ka ɗauka ban gaji da tsayuwar nan ba? Wallahi ƙafar nan kamar ta cire. Amma kai ka goyo ni, jinina na zuba a rigarka. Ba zan tafi gida in bar ka a nan ba. Duk ranar da suka sallame ka, sai mu tafi tare."

Ya gyara ƙafafunsa, ya ɗaga haɓa, ya ci gaba da jiran oda.

Waya ta hau ruri a aljihun Uwaisu. Sagir ne, direba ya gama lodi. Rana ta fara hawowa kan katanga, tana sauka daidai kan furfurar tsoho. Uwaisu ya zame jakar daga kafaɗarsa, ya jingine ta da randa.

"Sanda'is," ya ce, a hankali.