Waɗanda Ke Gaban Radiya

"Wato sai wani ya ce ba ya so, sannan a kira ki?" in ji Malam Bahago.

Yana kishingiɗe a zaurensa, rigar da ya fara wa aiki kafin ciwo ya kwantar da shi tana ninke a gefe. Autarsa Radiya na durƙushe da waya a hannu. Ni kuwa katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Ƙofar Kibo, dubiya na shigo na tarar da zancen.

"Haka ne, Baba. Sun zaɓi waɗanda za su ɗauka, ni kuma suka sa ni a layin jira."

"Ku nawa ne a layin?"

"Ba sa faɗa. Wata shekarar a kira mutum ɗaya ko biyu, wata shekarar ba a kiran kowa. Tsakiyar Afrilu ake rufewa."

Wata babbar jami'a ce a Amurka, inda Radiya ta nemi karatun digirin dakta a kan cututtukan dawa da masara. Dubbai ke nema, waɗanda ake ɗauka ba sa cika tabarma ɗaya. Da allura da zare Malam Bahago ya kai yarinyar nan har digiri na biyu a jami'ar da ke Samaru, kuma duk unguwa an san abin da ya rage masa a duniya shi ne ya ji an ɗauke ta.

Ni ba na iya riƙe bakina. Na ce, "Ai da sauƙi. Mu duƙufa da addu'a Allah ya toshe wa na gabanta hanya, ko biza a hana su."

Ya ɗago kai da ƙyar ya harare ni. "Sagiru, kai dai ka tsufa da halinka. Su ba 'ya'yan wasu ba ne? Ka san ko wani tsohon na can kwance kamar ni yana jira?"

Washegari ya aika aka kira liman. Roƙonsa shi ne a riƙa yi wa waɗanda ke gaban Radiya addu'a, Allah ya ba su wurin da ya fi wannan, su bar mata wurin da farin ciki. Haka muka dinga ɗaga hannu bayan salla muna cewa amin saboda mutanen da ko sunansu ba mu sani ba, wataƙila 'yan Sin ne ko 'yan Indiya. Ina amin ɗin ina guna-guni, don a ganina an bi doguwar hanya alhali ga gajera.

Zafin bazara ya ƙara kayar da shi. Aka mayar da shi cikin gida, matarsa Batulu na yi masa fifita. Radiya ta taɓa gaya masa cewa safiyar can ita ce yammacinmu, saboda haka kullum da la'asar sai ya buɗe ido ya ce, "Sun buɗe ofis?" Ta duba waya, ta girgiza kai. Ya ce, "To, madalla," ya koma ya lumshe ido.

Tausayinsa ya ishe ni, na tare ta a soro.

"Ki ce masa an ɗauke ki mana. Wa zai sani? Ki bar bawan Allah ya tafi da sanyin rai."

"Baba Sagiru," ta ce, idonta cike da hawaye, "mutumin da ya ƙi a roƙa wa wani sharri saboda ni, shi zan sallama da ƙarya?"

Na ja takalmina na fita.

Da hantsi Malam Bahago ya cika, wata Talata, bayan ya sha kunu cokali biyu. Aka jira ƙanensa ya iso daga Kaduna, sai bayan la'asar aka yi masa salla a ƙofar gida. An ɗaga makara ke nan, jama'a sun miƙa, na tsaya neman takalmina, sai na ji an kira ni daga cikin zaure. Radiya ce a bayan ƙyaure, don mata ba sa bin gawa. Ta miƙo mini wayar. Ni ba na karanta Turanci.

"Wani ya bar wurinsa, sun ba ni. Yanzu suka rubuto." Ta share fuska da gefen hijabi. "Baba Sagiru, ka cim masa."

Rabona da gudu na manta, amma ranar na yi. Na same su a bakin ganuwa ana karɓa-karɓar makara. Na kutsa, wani ya ba ni wuri ta wajen kai, na sa kafaɗata. Ashe haka ya rame, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na kara bakina kusa da tabarmar da aka lulluɓe shi.

"Malam, sun buɗe ofis. An ɗauke ta."

Muka ɗan taka tare. Can wani ya dafa ni daga baya, na zame na ba shi wurin, na tsaya ina haki a gefen hanya, makarar tana tafiya a saman kawunan mutane.