Burabuskon Iyatu

Tun kafin ya kashe mota a gaban rumfar Iyatu, Zailani ya fara yabon miyar.

"Baffa, kun ga nan? Daga Dutse har Kano babu burabusko irin nata. Miyar taushe ce da man shanu na gaske, ba na gwangwani ba."

Tsohon da ke kujerar baya ya ce, "To, madalla."

Shi Zailani haka Allah ya yi shi. In ka ce masa za ka yi tafiya, kafin ya tambaye ka ko lafiya sai ya gaya maka inda za ka ci abinci. Ya san mai tsiren Taura da ba ya haɗa naman jiya da na yau, ya san gidan da ake dama furar kirki a Garki. A ofis har lakabi suka yi masa, wai Sarkin Loma, shi kuwa daɗi abin yake masa.

Baffa mahaifin matarsa Zulaihatu ne. Da sassafe ya taso daga rugarsu ta bayan Garki zuwa Dutse don gwajin ciwon suga. An ce kada ya ci komai, bai kuwa ci ba, amma ƙwayar da ya saba sha kullum da safe ya haɗiye ta a kan cikin da babu komai. Da ma'aikaciyar asibiti ta ga sakamakon sai ta dubi Zailani ta ce, "Suganshi ya sauka ƙwarai. Ku ba shi abinci yanzun nan, kada ya faɗi muku a hanya."

Rumfar cike take da direbobi da ma'aikata, kowa ya duƙufa a kan farantinsa. Zailani ya share benci, ya zaunar da surukinsa a tsakiya inda fanka ke kaɗawa, ya zauna daidai gabansa. Aka kawo burabusko yana turiri.

"Bisimilla, Baffa."

Baffa ya sa sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya juya fuska wajen titi.

"Alhamdu lillahi, Malam. A ƙoshe nake."

A ƙoshe! Mutumin da gumi ke tsattsafo masa a goshi, hannunsa na rawa a kan sanda. Zailani ya zaci abincin ne bai yi masa ba. Ya sa aka kawo waina. Ya ce ko shinkafa da wake? Ko su koma wani gidan abinci mai sanyin na'ura a Yalwawa? Kowace tambaya amsarta ɗaya, a ƙoshe yake. Tsoro ya kama Zailani sosai, don leɓɓan tsohon sun fara yin fari.

Daga bayan tukwane Iyatu ta yafuto shi da ludayi.

"Kai, zo nan. Wane ne wannan bawan Allah?"

"Surukina ne, Inna."

"Surukinka? Bafulatani?" Ta ajiye ludayin. "Innalillahi! Ka ɗauko dattijo ka dasa shi tsakiyar jama'a, ka zauna kana kallon bakinsa, wai ya ci? Shekara nawa da aurenka?"

"Shida."

"A shekara shidan nan ka taɓa ganin ya kai loma baki?"

Zailani ya tuna baya. Duk zuwan da yake yi rugar, a bukka shi kaɗai ake kai masa ƙwarya, a sauke asabari. Shi a zatonsa karramawa ce ta ɗan birni.

"Wallahi gara ya faɗi a nan da ya tauna a gabanka," in ji Iyatu. Ta juye abincin a kularta, ta ɗaure da leda. "Ungo. Ka dawo min da ita. Kuma ka rage surutu."

Ya ja mota zuwa bayan gari, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar maina kusa da duwatsu, nesa da titi. Ya ajiye kular da gorar ruwa a kujerar baya kamar kayan da ya rasa inda zai sa, bai ce komai a kansu ba.

"Baffa, bari in je masallacin can in sake alwala. Zan ɗan jima."

"To."

Ya je ya tsaya bayan katangar masallacin, ya ba motar baya. Rana na dukan ƙeyarsa, yunwa na cinsa, don shi ma ko shayi bai sha ba. Sau uku yana cewa bari ya leƙa. In tsohon ya sume fa? Me zai gaya wa Zulaihatu? In kuma ya leƙa suka haɗa ido, shi ke nan, an rufe kula. Ya dafa katanga ya tsaya, yana kallon wasu awaki na hawan dutse, har agogo ya ci minti ashirin da biyar.

Da ya dawo ya tarar da Baffa zaune yana jan carbi, hannun ya daina rawa. Kular na ƙasan kujera a rufe, an mayar da ledarta yadda take. Ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi. Tambaya ta zo masa har bakin leɓe: yaya miyar? A rayuwarsa bai taɓa kai mutum wurin cin abinci bai ji hukunci ba. Ya haɗiye ta, ya tada mota.

A tasha motar Garki saura mutum biyu ta cika. Baffa ya shiga ya zauna jikin taga. Wani fasinja mai jakar takardu ya leƙo yana tambayar direba ko akwai inda mutum zai ci abin kirki kafin a tashi. Zailani har ya buɗe baki, sai ya ji muryar surukinsa ƙasa-ƙasa, fuskarsa na kallon wani gefen.

"Akwai wata Iyatu, can bayan gidan mai. Ka ce burabusko." Ya gyara riƙon sandarsa. "Amma ka ce mata ta rage barkono."

Zailani ya sunkuya yana duba tayar motar, kamar wanda bai ji komai ba.