Mijin Kifanyar Gunvor

Eilif Haugland masanin kifaye ne a wani gidan adana halittu a birnin Bergen. Ofis ɗaya suke da Gunvor Tveit, wadda in ya buɗe baki sai ta yi masa gyara. Ana nan jirgin bincike ya kawo wata sabuwar kifanya daga can ƙasan teku, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, haƙora cako-cako, ga 'yar fitila tana reto a goshinta, da ita take yaudarar ƙananan kifaye su faɗa mata baki. Eilif ya raɗa mata sunan Gunvor, ya buga a mujalla, ya zauna jiran rigima.

Gunvor kuwa murna ta yi, har ta manna hoton kifanyar a ƙofa.

"Ka ga haƙoran nan? Na gode, Eilif. Ashe kana lura da ni."

Abin ya ci masa rai. Da aka kawo wani mitsitsin kifi, siriri, bai kai ɗan yatsa ba, mai dara-daran idanu, ba fitila, sai ya ware masa dangi na daban ya sa masa sunan kansa. Kowa ya shigo sai ya ɗaga masa kwalbar: "Dubi kamala. Wannan ba ya cin kowa."

Wata safiya ana tafka ruwa wani masunci ya shigo da kifanya a bokiti. Irin kifanyar Gunvor ce, ƙatuwa, wani abu na lilo a gefen cikinta. Eilif ya ɗauka tsutsa ce, ya sa matsefata zai cire, sai hannunsa ya tsaya. Irin mitsitsin kifin nan ne da ya sa wa sunansa. Kifin ya kafa baki a jikinta, fatarsu ta haɗe, idanun sun shafe, daga jininta yake rayuwa.

Gunvor ta ajiye kofin gahawa ta leƙo.

"Mijinta ne, Eilif. Kifi iri ɗaya ne, mace da namiji."

"Wataƙila faɗa suke yi."

"Wane faɗa? Ko baki ba shi da shi."

A ƙa'idar masana, kifi iri ɗaya suna ɗaya gare shi, kuma sunan da aka fara bugawa shi ke zama. Dole Eilif ya rubuta gyara da hannunsa, ya soke sunan kansa.

Tun daga ranar, in lokacin cin abinci ya yi, sai Gunvor ta gutsuro burodinta da cuku ta tura masa.

"Ci, maigida, kada ka ɓalle."

Da farko yakan tashi ya bar ɗakin. Daga baya ya fara ci, don gaskiya cukun nata ya fi nasa daɗi.